Wasiƙar Hukuma Mai Shafi Fiye da Ɗaya: Nazari a Kan Ƙa'idodin da Muka Ara

Duk wanda ya duba irin koyarwar da a ke yi wa ɗalibai game da rubutun wasiƙa zai ga cewa wasiƙa mai shafi ɗaya ce a ke nufi. A nuna musu inda a ke sa adireshi, da kwanan wata, da gaisuwa, da kan magana, da sa hannu, sa'an nan a ce an gama. Amma wasiƙun da su ke da nauyi a ofis, watau na hukunci a kan gona ko fili, da na kwangila, da na koke, da na ladabtar da ma'aikaci, su ne ba safai su kan tsaya a falle ɗaya ba. Da zarar wasiƙa ta tsallaka zuwa shafi na biyu, to, ta zama abin da za a iya rabawa, ko a sauya, ko a ɓatar da rabinsa. Nufin wannan takarda shi ne a auna ƙa'idodin da ofisoshinmu suka aro daga Turawa domin tsare irin wannan wasiƙa, a ga inda suka yi daidai da inda suka kasa idan da Hausa aka yi rubutun.

Maganar ba ta ƙawa ba ce. Sashe na 97 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya yarda Majalisar Dokokin Jiha ta yi aiki da wani harshe na jihar tare da Ingilishi, in ta zartar da haka. A Nijar kuwa, kundin da aka kafa a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ban da wannan, fadodin sarakuna da ofisoshin hakimai ba su daina karɓar takardun Hausa ba. Saboda haka malaman da mu ke horarwa za su yaye akawuna waɗanda wata rana haƙƙin wani zai rataya a kan yadda suka tsara shafi na biyu.

1. Abin da muka gada

Kafin zuwan Turawa, wasiƙar mulki a ƙasar nan da Larabci a ke yinta, kuma mafi yawa falle ɗaya ce. Mai son ganin irinta ya duba wasiƙun da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya fassara aka buga a Legas a 1927, ko kuwa binciken da A. D. H. Bivar ya fitar a 1959 a kan takardun Larabci na Nijeriya ta Arewa. Tsarinsu sananne ne. A fara da sunan Allah, a faɗi daga wane zuwa ga wane, a yi gaisuwa gwargwadon girman wanda a ke rubuta wa, a shiga magana, a rufe da sallama. Hatimi, in akwai, a saman takarda ya ke zama. Yawancinsu ba su da kwanan wata, abin da ya wahalar da masu tarihi ƙwarai, kuma sau da yawa sauran bayani yana bakin manzon da ya kai takardar.

A cikin irin wannan tsari babu matsalar shafi na biyu, domin hatimi da magana da sallama duk suna wuri ɗaya, ido yana ganinsu a duba ɗaya. Dogayen wasiƙu kuwa, irin muhawarar da aka yi tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wadda Bello ya shigar cikin Infaƙul Maisuri a 1812, ta hanyar littafi suka iso gare mu, kuma dabarar littafi ce ta tsare su.

Wannan dabara ita ce ta cancanci mu tsaya a kanta. Littattafan malamanmu ba ɗinke su a ke yi ba. Warƙa warƙa su ke, a haɗa su cikin tadarishi, a ɗaure, a sa a gafaka. Ba kuma a saba sa wa shafi lamba ba. To, in iska ta watsa su, ko almajiri ya ari warƙa goma ya mayar, yaya a ke gane jerinsu? Mai kwafi ya kan rubuta kalmar farko ta warƙar gaba a can ƙasan bayan warƙar da ya gama, ta gefen hagu. Larabawa suna kiranta ta'aƙiba, mutanen Magriba kuma su ce raƙƙas. A nan za mu kira ta kalmar jagora. Ba mu kaɗai muka san ta ba. Masu ɗab'i a Turai sun yi amfani da ita har wajen ƙarshen ƙarni na 18, kuma masu buga tafireta a ofisoshin gwamnatin Ingila sun daɗe suna sa ta a ƙasan shafi ta dama, kamar yadda mai bincike a tsofaffin fayiloli ya kan gani.

2. Abin da muka ara

Ƙa'idodin da a ke bi yau daga wurare dabam dabam suka fito, amma sun yi kama da juna. Takarda mai tambarin ofis ta shafin farko ce kaɗai, sauran shafuna farar takarda ce. A al'adar kasuwanci ta masu Ingilishi, a kan rubuta abu uku a saman ko wane shafi na gaba: sunan wanda a ke rubuta wa, da lambar shafi, da kwanan wata. A aikin gwamnati irin wanda Nijeriya ta gada, a kan ba wasiƙa lambar fayil, a kuma sa wa sakin layi lamba tun daga na biyu. Ofisoshin Faransa, da waɗanda suka yi koyi da su, su kan sa ɗigo uku da karan tsaye mai karkata da wani ɗigo uku a ƙasan shafi, alamar da saura. Ƙa'idar Jamus mai suna DIN 5008 ta yarda a rubuta shafi kaza cikin kaza, a kuma sa ɗigo uku a gefen dama. Littafin ƙa'idar wasiƙu na sojan ƙasa na Amurka, AR 25-50, ya fi kowa tsanantawa. Ya hana a raba sakin layi mai layi uku ko ƙasa da haka tsakanin shafi biyu, ya ce in an raba mai tsawo, lalle ko wane shafi ya sami layi biyu aƙalla, ya hana a tsinka kalma tsakanin shafi da shafi, ya kuma hana sa hannu ya zauna a shafin ƙarshe sai da layi biyu na magana a samansa.

Dole a yaba wa manufar waɗannan ƙa'idodi. Masu su sun lura da abin da ya ke gaskiya ne, cewa a doguwar wasiƙa shafin farko yana da tambari, na ƙarshe yana da sa hannu, na tsakiya kuwa marayu ne, ba su da mai shaidarsu. Bukatar ma ta ƙaru, domin takardar fulsikaf ta dā tsawonta inci 13 ne, watau wajen milimita 330, ita kuwa A4 da ta maye gurbinta milimita 297 ce. Abin da dā ya kan shiga falle ɗaya, yanzu sai ya malala.

Amma an ce zanen aro ba ya rufe katara. Waɗannan ƙa'idodi suna da aibi uku idan aka ɗora su a kan Hausa ba tare da gyara ba.

3. Aibi na farko: suna ƙirga layi, ba sa duba ma'ana

Ƙa'idar layi biyu ido ta ke yi wa aiki. Ta hana layi ɗaya ya tsaya shi kaɗai kamar an yar da shi, kuma manhajar rubutu ta kwamfuta, irin su Microsoft Word, tana yin wannan da kanta. Sai dai ba ta tambaya a kan wace kalma shafi ya ƙare. A Hausa kuwa nan ne haɗarin ya ke.

A dubi wannan misali, wanda aka ƙaga domin bayani. Shafin farko ya ƙare da cewa, "Majalisa ta duba kukan ɗan kwangila, ta yanke shawara cewa kada", shafi na biyu ya fara da, "a biya shi sauran kuɗinsa a wannan shekara." An cika ƙa'idar layi biyu sarai. Amma wanda shafi na biyu kaɗai ya faɗa hannunsa, umarnin biya ya karanta, cikakke, babu alamar an yanke masa kome. Dalili kuwa na nahawu ne: siffar aikatau da ke bin "kada" ita ce dai siffar da a ke ba da umarni da ita. A cire "kada", hani ya koma horo.

A nan ya kamata a bambanta korewa iri biyu. Akwai mai ƙafa biyu, kamar "bai zo ba" da "ba hakimi ne ya sayar ba". Wannan tana da mai gadi, domin ko an yanke "ba" ta farko, ta biyu tana nan tana faɗakar da mai karatu. Akwai kuma mai ƙafa ɗaya, watau "kada", da "babu", da "ba" ta aikin da a ke cikin yi. Ita ce ba ta da mai gadi ko kaɗan. In "babu" ta zauna a ƙarshen shafi, "laifi a wuyansa" ya buɗe na gaba, an bar mutum da tuhuma a shafin da ya kamata ya wanke shi.

Haɗari na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, kuma daga rubutun boko ya taso. Tun daga ƙa'idodin Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, na 1912, har zuwa aikin Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966, rubutun yau da kullum bai nuna karin sauti ba. To, harafin n ko r da a ke liƙa wa suna aiki biyu ya ke yi. Wani lokaci yana haɗa suna da abin da ke biye, kamar "kuɗin wata ɗaya". Wani lokaci kuma yana nuna abin da aka riga aka ambata, kamar "na ba shi kuɗin". A baki sun bambanta, domin a na biyun murya faɗuwa ta ke yi a gaɓar ƙarshe. A takarda kuwa kamanninsu ɗaya. Saboda haka shafin da ya ƙare da "An yarda a mayar masa da kuɗin" yana kama da wanda maganarsa ta cika, alhali shafi na gaba cewa ya yi "wata ɗaya kaɗai daga cikin shida da ya nema." Abin da ke tsakanin ma'anonin nan biyu ɗigon aya ne kawai, ga shi kuwa injin kwafi ya kan zuba ɗigo inda ba a sa ba.

Na uku, Bahaushe ya kan fara da alheri ya ajiye sharaɗi a baya. "Amma", da "sai dai", da "muddin", da "in har", a bayan yarda su ke zuwa. In shafi ya ƙare daidai ƙarshen jimlar yarda, "Amma" ta tafi shafi na gaba, ƙa'idar Turawa cewa za ta yi an yi kyakkyawar yanka, tun da a kan aya aka tsaya. Ga ma'ana kuwa ita ce mafi muni, domin shafin farko ya zama takardar amincewa marar sharaɗi.

4. Aibi na biyu: kan shafi

Ƙa'idar da ta ce a maimaita sunan wanda a ke rubuta wa a saman ko wane shafi ta fito ne daga al'ummar da ba ta ganin kome a faɗin sunan babba tsirara. Mu kuwa ba haka mu ke ba. Akawun da ya cika layi uku a shafin farko yana jera sarautar Mai Martaba Sarki da addu'a, ba zai iya juya takarda ya rubuta sunan yanka shi kaɗai a ƙuryar shafi ba. In ya maimaita sarautar duka, kan shafi ya cinye wuri. In ya gajarta, ya yi rashin ladabi. Sau da yawa sai ya bar wurin fanko, shafi ya tashi ba shi da shaida ko ɗaya.

Ko a ajiye maganar ladabi, sunan ba shi ne shaida mafi ƙarfi ba. Ofis ɗaya ya kan rubuta wa hakimi ɗaya wasiƙa biyu a rana ɗaya, to, sunan da kwanan watan da lambar shafin duk sun zama iri ɗaya a wasiƙun biyu. Abin da ba ya maimaituwa shi ne lambar wasiƙa, wadda ta ƙunshi lambar fayil. Ita ya kamata ta hau kan ko wane shafi, ba ta ɓata wa kowa rai, ba ta kuma rikicewa da wata.

Lambar shafi ita kaɗai ma rabin magana ce. "2" ta gaya maka akwai na ɗaya, ba ta gaya maka ko akwai na uku ba. Nan Jamusawa suka fi gaskiya: a rubuta "shafi na 2 cikin 3". Kwanan wata kuma a rubuta sunan watan da haruffa, domin 3/4 a Ingila uku ga Afrilu ne, a Amurka kuwa huɗu ga Maris. In ofishin yana sa kwanan Hijira, ya isa a shafin farko.

5. Aibi na uku: shafin sa hannu

Hikimar hana sa hannu zama shi kaɗai a bayyane ta ke. Farar takarda mai sa hannun babba kawai, ko wace magana a ke iya ɗora mata a gaba. Amma masu ƙa'idar sun ɗauka cewa layi biyun ƙarshe na wasiƙa magana ce, domin rufewarsu kalma biyu ce. Wasiƙar Hausa kuwa da addu'a da sallama ta ke rufewa: Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nasara, haza wassalam. Wannan ya cika layi biyu, wani lokaci uku. Akawu ya bi ƙa'ida ke nan harafi da harafi, amma shafin da ya fitar ba shi da kome na wannan wasiƙa musamman, zai zauna daram a bayan ko wace wasiƙa da aka aika fada.

Waɗansu suna ganin maganin shi ne a rage gaisuwa da addu'a, a yi irin ta Turawa. Wannan kuskure ne. Gaisuwa tana nuna matsayin mai rubutu da wanda a ke rubuta wa, sallama kuma aiki ta ke yi, domin wanda ya ga "haza wassalam" ya san magana ta ƙare, abin da ya biyo baya ƙari ne. Ƙa'idar ce ke bukatar gyara. A ce lalle shafin sa hannu ya ɗauki wani yanki na ainihin maganar, wanda ya ambaci mutumin, ko filin, ko adadin kuɗin, ban da addu'a da sallama.

6. Abin da ya kamata a koyar

Wani zai ce duk wannan tsoro ne na zamanin fil da zare, yanzu wasiƙa fayil ɗaya ce a kwamfuta, shafunanta ba sa rabuwa. Amma kowa ya san yadda takardun hukuma su ke yawo a yau. A ɗauki hoton ko wane shafi da waya, a tura ta WhatsApp ɗaya bayan ɗaya, wani ya tura na biyu gaba ya bar na farko. Mun koma zamanin warƙa warƙa, sai dai babu tadarishi. Saboda haka dabarar malamanmu ta sake zama abin bukata, kuma ga yadda za a haɗa ta da abin da ya yi kyau cikin na aro.

Na farko, ko wane shafi, har da na farkon, ya ɗauki lambar wasiƙa, da kwanan wata, da shafi na kaza cikin kaza. Na biyu, a dawo da kalmar jagora a ƙasan ko wane shafi in ban da na ƙarshe. Kalma ɗaya ba ta isa ba, domin "a" da "da" da "ya" da "ta" sun cika yawa a Hausa, sai a sa biyu ko uku. Fifikonta a kan ɗigon Faransawa shi ne, ɗigo cewa ya ke yi da saura, ita kuwa tana faɗin irin sauran. Wanda ya ga "Amma sai ya" a ƙasan shafin yarda ya san akwai sharaɗi tun bai juya ba. Na uku, kada shafi ya ƙare da kalmar korewa, ko da lamirin da ke gaban aikatau, ko da suna mai n ko r na haɗi, kada kuma a raba adadin kuɗi da abin da ya ke ƙirgawa. Na huɗu, in sharaɗi yana bin yarda, su zauna a shafi ɗaya ko da za a bar fili a ƙasan na baya. Na biyar, a riƙe lambar sakin layi ta aikin gwamnati, domin wanda ya ga 4 sa'an nan 7 ya san an yi rashi. Na shida, a wasiƙar da ta shafi haƙƙi ko dukiya, mai sa hannu ya sa gajeren sa hannunsa ko hatimin ofis a ƙasan ko wane shafi.

Ya kamata a bambanta aikin ko wanne. Lambar shafi da kalmar jagora maganin haɗari ne da ganganci, ba sa hana maƙetaci, domin mai sauya shafi yana iya kwaikwayonsu. Gajeren sa hannu da hatimi su ne ke wahalar da shi. Wannan kuwa komawa ce ga hikimar wasiƙar dā, inda hatimi da magana ba sa rabuwa.

Ga malaman kwalejin horo, hanyar gwaji mai sauƙi ce. A ba ɗalibi wasiƙa mai shafi uku ya tsara, sa'an nan a raba shafunan ga ɗalibai uku, a tambayi ko wanne: wasiƙar wane ofis ce wannan, shafi nawa ne suka ɓace, kuma me ka fahimta an hukunta? In ɗayansu ya fahimci kishiyar abin da aka nufa, tsarin bai yi ba, kome kyansa a ido. Irin wannan darasi nahawu ne da insha'i a haɗe, kuma zai nuna wa ɗalibi amfanin sanin bambancin korewa mai ƙafa ɗaya da mai ƙafa biyu fiye da yadda haddar ƙa'ida za ta nuna masa. Fatanmu shi ne sassan Hausa na jami'o'in Nijeriya da Nijar su zauna su daidaita waɗannan ƙa'idodi da kalmominsu, su miƙa wa masu tsara manhajar makarantu, tun kafin ko wane ofis ya ƙaga nasa.